Wai da gaske ne hasken orora ya sauko har Meziko da Indiya?

Autan Zaure: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wata tambaya ce ta hana ni sakat tun jiya. An turo min hotunan sama ta yi jawur, wani gefen ruwan hoda, wani gefen shunayya, aka ce ɗaya a Meziko aka ɗauka, ɗayan a arewacin Indiya, duk a daren 10 ga Mayun 2024. Ni dai abin da aka koya mana shi ne hasken orora, wato hasken nan mai launuka da ke bayyana a sama da dare, na can ƙuryar arewa ne, su Nowe da Alaska da Kanada. To me ya kawo shi ƙasashen zafi? Kuma me ya sa na Nowe kore ne, wannan kuwa ja? Masana a taimaka.

Sai Na Gani: Wa'alaikumus salam. Ƙanena, zamanin nan hoto ba shaida ba ne. Yaro ma yana iya shafa wa sama kalar da ya ga dama da wayarsa. Ni sai wanda ya gani da ƙwayar idonsa ya ba ni labari.

Ɗaliba a Ingila: To Yaya, ga ni. Na gani, kuma a kudancin Ingila nake, inda ba a saba ganinsa ba.

Daren Juma'a ne, wajen ƙarfe sha ɗaya. Ina ɗaki ina karatun jarrabawa, sai wadda muke zaune tare ta ƙwanƙwasa ƙofa da ƙarfi, ta ce in fito in ɗaga kai. Muka gangara wani fili bayan ɗakunan kwana, inda fitilu ba su da yawa. Gaskiyar magana, da farko ban ga komai ba sai wani fari-fari kamar siririn hayaƙi, har na ce ai gajimare ne. Sai na lura ana hango taurari ta cikinsa tar, kuma yana sauya wuri ba tare da iska ta kaɗa ba. Na ɗaga waya, allon ya cika da ruwan hoda. Na sauke, na ga toka-toka. Raina ya ɗan ɓaci.

Na jefa wayar cikin aljihu na tsaya. Bayan kamar minti ashirin idona ya saba da duhu, shi kuma hasken ya ƙara ƙarfi. Wasu dogayen ginshiƙai suka miƙe daga ƙasa suka haɗu a tsakar kaina, kamar ana kallon rufin tanti daga ciki. Gefen yamma ya yi ja irin na shafaƙi bayan magariba, alhali dare ya fara tsalawa. Abin da ya fi taɓa ni shi ne shirun. Sama gaba ɗaya tana motsi, amma ko ƙas ba ka ji. Mutane cike da filin, wasu da kayan barci, kowa na magana ƙasa-ƙasa. Ni ban san lokacin da na fara tasbihi ba.

Sai Na Gani: Yawwa ƙanwata, ai kin faɗa da bakinki: waya ta nuna ruwan hoda, ido ya ga toka. Ashe ina da gaskiya.

Malamar Kimiyya: Kana da rabin gaskiya, Malam. Wayar ba ta ƙirƙiri kalar ba. A bayan idon mutum akwai ƙwayoyin gani iri biyu: masu rarrabe launi, waɗanda sai da wadataccen haske suke aiki, da masu gani a duhu, waɗanda ba ruwansu da launi. Shi ya sa jar riga da koriya duk toka suke komawa a farin wata. Kyamara kuwa tana buɗe ido na daƙiƙa biyu ko biyar tana tara haske, sannan ta haɗa shi hoto guda. Launin yana nan a sama, idonmu ne bai kai ba sai hasken ya yi ƙarfi. Akwai masu ƙara wa hoto gishiri, wannan ban musa ba.

Auta, bari in koma kan tambayarka. Rana ba ta zauna lafiya kamar yadda muke ganinta ba. Akwai wurare a fuskarta inda maganaɗisu ke murɗewa ya ɗaure kamar igiyar da aka yi wa murɗa ta wuce kima. Su ne baƙaƙen tabon da ake gani. Idan igiyar ta tsinke, sai a yi walƙiya mai tsanani, sau da yawa kuma ranar ta yi aman wani ƙaton curi na iskar gas mai caji, nauyinsa biliyoyin tan. Hasken walƙiyar yana iso mu cikin minti 8, domin tazarar kilomita miliyan 150 ce. Shi curin sai ya yi kwana ɗaya zuwa uku a hanya.

Ita duniya tana da garkuwar maganaɗisu. A ranakun da babu tarzoma, ƙwayoyin da ke da caji suna zuba ne a wani zobe da ya kewaye ƙuryar arewa, da wani irinsa a ƙuryar kudu, wajen digiri 65 zuwa 70 a lissafin maganaɗisu. Idan curi mai ƙarfi ya daki garkuwar, zoben sai ya buɗe ya yi faɗi, ya gangaro wajen ikwaita. A Mayun 2024 ba curi ɗaya ba ne, da yawa ne suka biyo juna daga tabo guda mai lamba 3664, wanda faɗinsa ya kai a jera duniya kusan 17. Guguwar maganaɗisun da suka tayar ta kai matakin G5, ƙololuwar ma'aunin hukumar NOAA ta Amurka, kuma rabon da a ga haka tun Oktoban 2003.

Autan Zaure: Na gode Malama. Saura batun ja da kore.

Malamar Kimiyya: Nan ne wurin da na fi so. Ka ɗauka orora labule ne da aka rataye, gindinsa yana kilomita 100 daga ƙasa, kansa yana kaiwa 300 ko 400. Duka kore da ja daga iskar oksijin suke fitowa. Idan ilektiron ya bugi ƙwayar oksijin, tana iya sakin kore cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Amma kafin ta saki ja sai ta riƙe kuzarin kusan minti biyu. A ƙasa-ƙasa iska tana da cunkoso, kafin minti biyun su cika wata ƙwaya ta banke ta ta ƙwace kuzarin. Can sama kuwa, fiye da kilomita 200, fili ne fetal, babu mai damunta. Saboda haka gindin labulen kore ne, kansa ja. Shuɗi da shunayya aikin naitirojin ne.

Yanzu tuna matafiyin da ya hango doguwar hasumiya daga nesa. Kanta kawai yake gani, gindin yana ɓoye. Mutumin Nowe yana tsaye a ƙarƙashin labulen, sai ya ga kore. Mutumin Meziko yana iya kasancewa nesa da shi da fiye da kilomita 1,000, lanƙwasar duniya ta ɓoye masa gindin, sai jan kan ya leƙo masa ta arewa, dab da inda sama ta haɗu da ƙasa. Hoton Indiya da ka gani mai yiwuwa na Hanle ne a yankin Ladak, inda akwai cibiyar binciken taurari a kan tsauni, kyamarorinta sun ɗauki jan a daren.

Sai Na Gani: To na yarda an gani. Amma Malama, an ce ba rana ba ce. Akwai wata na'ura a Alaska mai harba siginar rediyo sama, HAARP, wadda aka ce an kunna ta daidai waɗancan kwanaki. Ruwa ba ya tsami banza.

Malam Injiniya: Ɗan'uwa, bari in shigo nan, don wannan lissafin wuta ne. Na'urar tana nan, a Gakona, Jami'ar Alaska ce ke gudanar da ita, kuma gaskiya ne ta yi gwaji a makon. Amma duk ƙarfinta megawat 3.6 ne. Wutar da ke zuba a sararin sama lokacin babbar guguwa tana haura gigawat 100 a rabin duniya kaɗai. Gigawat ɗaya megawat dubu ne. Ka auna da kanka. Kamar a ce wanda ya kunna ashana shi ya haska gari.

Na biyu, a daren an ga hasken a ƙuryar kudu ma: Niyu Zilan, Ostireliya, Afirka ta Kudu, har Namibiya. Na uku, taurarin ɗan'adam sun ɗauki hoton curin yana barin rana tun kwanaki kafin ya iso, kuma NOAA ta fitar da gargaɗi tun ranar Alhamis 9 ga wata. Na huɗu, mafi girman wanda aka rubuta a tarihi ya faru ne a 1859, lokacin ko fitilar lantarki ba ta shiga gidaje ba, balle wata na'ura a Alaska.

Baba Dattijo: Ɗana Injiniya, ba mu labarin 1859 ɗin nan. Na taɓa jinsa sama-sama.

Malam Injiniya: To Baba, Allah ya ƙara girma. Ranar 1 ga Satumban 1859 wani Bature mai suna Richard Carrington yana zana tabon rana a Ingila, sai ya ga farin haske ya ɓalle daga cikin tabon na 'yan mintuna. Wani mai suna Richard Hodgson shi ma ya gani a nasa wurin. Ba a cika awa 18 ba curin ya iso, wato gudunsa ya wuce misali. Aka ga orora a Kyuba da Hawai har Kolombiya. Masu haƙar zinariya a tsaunukan Roki na Amurka suka farka suka fara shirin safiya, sun zaci gari ya waye. Mutane suka karanta jarida da hasken sama.

Wayar tangaraho ce kaɗai dogon layin lantarki a lokacin, ita kuwa ta ji jiki. Wuta ta ja ma'aikata, tartsatsi ya kama takardu. Tsakanin Boston da Potland ma'aikata suka cire batir gaba ɗaya, suka yi ta aika saƙo kusan awa biyu da wutar da guguwar ke cusa wa layin.

Wannan shi ne abin da ke damuna idan na ga ana ta murna da hotuna. Abin da ya shafa wa sama ja, shi ne ke girgiza maganaɗisun duniya, kuma maganaɗisu in ya motsa sai ya haifar da lantarki a cikin duk wani dogon ƙarfe: manyan layukan wuta, bututun mai, layin dogo. Wutar tana shiga taransifoma ta wayar da aka binne a ƙasa, ta rikita cikinta, ta yi zafi. Ba ƙananan taransifomomin unguwa nake nufi ba, manyan nan da in ɗaya ta ƙone sai a yi wata da watanni ana jiran a ƙera wata. Ranar 13 ga Maris 1989, kafin asuba, wutar lardin Kibek na Kanada ta durƙushe cikin kamar daƙiƙa 90. Mutum miliyan 6 suka zauna a duhu awa 9, ga sanyi. A daren ne aka ga orora har Filorida da Kyuba. A 2003 wani sashe na birnin Malmo na Suwidin ya rasa wuta, taransifomomi suka lalace a Afirka ta Kudu, ƙasar da ba wanda ya zaci abin zai kai ta.

Ɗaliba a Ingila: Malam Injiniya, na ji maganarka, amma ban yarda laifi ne mutum ya yi farin ciki da abin da ya gani ba. Kuma ai ta 2024 ta zo ta wuce, wuta ba ta ɗauke a ko'ina kamar Kibek ba.

Malam Injiniya: Ban ce laifi ba ne, ƙanwata. Da ina wurin ni ma da na fito. Amma ba banza ta wuce ba, shiri aka yi. Bayan 1989 an koyi darasi. A Niyu Zilan masu kula da manyan layuka sun kashe wasu da gangan a waccan ranar don kare taransifomomi. An kauce wa bin ta ƙuryar arewa da jiragen sama. Duk da haka ta bar tabo. Manoman tsakiyar Amurka suna tsakiyar shuka, taraktocinsu masu bin GPS suka riƙa karkacewa daga kunya, dole wasu suka tsayar da aiki. Taurarin ɗan'adam na kusa da ƙasa kuma, iskar sama takan kumbura in ta yi zafi, ta riƙa jan su ƙasa. A Fabrairun 2022 wata 'yar ƙaramar guguwa ta ci kusan 40 cikin taurarin Starlink 49 da aka harba. Kuma ta 2024 ba ta kama ƙafar ta Carrington ba. A Yulin 2012 rana ta yi aman curi irin wancan babba, Allah ya sa ba ta fuskantar mu, sai ya daki wani kumbon NASA mai suna STEREO-A ya wuce.

Uwar Biyu: Ni tsoro ya fara kama ni. Yana cutar da jikin mutum? An ce in ana guguwar a kashe waya, kada a bar yara su fita.

Malamar Kimiyya: Kwantar da hankalinki, 'yar'uwa. Hasken yana can sama da kilomita 100, iskar da ke tsakaninmu da shi bargo ce mai kauri. Ba ya ƙona fata, ba ya taɓa mai ciki, ba ya fasa waya. Wayar hannu ta yi ƙanƙanta, sai layi mai tsawon ɗaruruwan kilomita yake tara wutar. Waɗanda ake yi wa lissafi su ne 'yan sama jannati da masu tashi ta ƙuryar duniya. Abu ɗaya nake roƙo: kada wani ya ji ana maganar tabon rana ya ɗaga kai ya ƙura mata ido. Wannan kam yana makantarwa, sai da tabarau na musamman irin na kallon husufi.

Baba Dattijo: 'Yata Uwar Biyu, tsoron nan ba a kanki aka fara ba. Jan sama da dare ya sha firgita mutane. A Janairun 1938 da ya rufe Turai, 'yan kwana-kwana sun yi ta fita da motoci suna neman gobarar da babu ita, daga baya da yaƙi ya ɓarke wasu suka ce ai alamarsa ce.

Ni abin da zan ce wa 'ya'yana a zauren nan, sanin dalilin abu ba ya rage masa girma. Mun san lissafin husufi har zuwa minti, amma bai hana mu tashi mu yi salla ba. Kuma an koya mana cewa rana da wata ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. To haka wannan. Kada wani ya ɗauki hoton jan sama ya rataya masa fassarar da ba shi da hujjarta, ya tayar wa mata da yara hankali. Ni da Malama ta ce ƙwayar oksijin tana riƙe haske minti biyu kafin ta sake shi, sai na ajiye wayar na yi shiru. Tsarki ya tabbata ga wanda ya tsara.

Autan Zaure: Allah ya saka da alheri, Baba. Malama, iyakar ina yake iya gangarowa? Waɗanda ke kusa da ikwaita su cire rai ke nan?

Malamar Kimiyya: Su rage rai dai, kada su cire. Ranar 4 ga Fabrairun 1872 an ga orora a Khartum da Bombay, wadda ake kira Mumbai yanzu. Khartum tana wajen digiri 15 ne kacal arewa da ikwaita. Amma irin wannan a yatsa ake ƙirga shi cikin ƙarni biyu.

Kuma taswirar makaranta tana ruɗarwa a nan. Zoben ba ƙuryar arewa ta taswira yake kewayewa ba, ta maganaɗisu yake bi, ita kuwa ta karkata wajen Kanada da Girinlan. Shikago da Rum suna kan layi ɗaya a taswira, amma mutanen Shikago sun fi ganin orora nesa ba kusa ba. Shi ya sa nahiyar Amurka ke cin riba, har Filorida da Meziko su samu, yayin da wuraren da ke daidai da su a Afirka da Asiya ke kwana babu komai.

Sai Na Gani: To in lissafi ne haka, a faɗa mana ranar da zai dawo mana, kamar yadda ake yi da husufi.

Malamar Kimiyya: Nan ne ilimin bai kai ba tukuna, Malam, kuma tambayarka tana kan hanya. An san rana tana da zagaye na kimanin shekara 11, tabo ya yawaita ya ragu. Wani Bajamushe, Heinrich Schwabe, ya gano haka a 1843 bayan ya shafe shekaru yana ƙirga tabo. Zagayen da muke ciki shi ne na 25, ya fara a Disambar 2019, kuma a Oktoban 2024 NASA da NOAA suka sanar ya kai ganiyarsa. An kuma lura guguwa ta fi kamawa wajen Maris da Satumba. Manyan guguwa sukan zo har a shekarun da zagayen ya fara sauka, ta 2003 misali ce.

Amma rana takamaimai, a'a. Ko an ga curin ya taso, akwai abu ɗaya da ba a sani sai ya kusa: inda maganaɗisun cikinsa ya fuskanta. In ya fuskanci arewa, daidai da na duniya, garkuwa sai ta ture yawancinsa. In ya juya kudu, sai su sarƙe, ƙofa ta buɗe. Masu aunawa su ne kumbunan da aka ajiye kilomita miliyan 1.5 daga nan ta wajen rana, kuma daga can zuwa nan minti 15 ne zuwa awa guda. Iyakar tabbataccen gargaɗin ke nan.

Malam Injiniya: Ka ji abin da nake faɗa. Minti 15 zuwa awa ɗaya, a ce mutum ya yanke shawarar layin da zai kashe a ƙasa guda. Dole tsarin ya kasance a rubuce tun kafin ranar.

Ɗaliba a Ingila: Ni ma wannan lissafin ya taɓa ni ta wani gefen. Ranar 10 ga Oktoban 2024 aka sake yin wata, G4. Na shirya tun yamma, na sa rigar sanyi biyu, na zauna ina duba lambar nan da ake kira Bz a waya, ina jiran ta faɗa ƙasa da sifiri. Ta faɗa sosai. Na fita da gudu, sai na tarar gajimare ya rufe inda nake ruf. Ta wata 'yar kafa kawai na hango ja na kamar minti uku, ta rufe.

Autan Zaure: Yaya, wace lamba ce Bz kuma? A ina ake dubawa?

Ɗaliba a Ingila: Ita ce abin da Malama ta ce, fuskar maganaɗisun curin. In ka ga alamar ragi a gabanta, ya juya kudu ke nan, kuma gwargwadon nisanta ƙasa da sifiri da daɗewarta a can, gwargwadon ƙarfin guguwar. Shafin hasashen yanayin sararin samaniya na NOAA yana nuna ta kyauta, tare da lambar Kp, ma'aunin ƙarfin guguwar, mai tashi daga 0 zuwa 9. A daren Mayu 9 ta buga. In ka taɓa samun kanka a inda ake sa rai, ka guje wa fitilun gari, ka fuskanci arewa, ko kudu in kana ƙasan ikwaita, ka jingina wayar a kan wani abu don kada ta girgiza. Amma ka ɗauki hoto biyu ko uku ka mayar da ita aljihu, don hasken allo yana ɓata sabon da ido ya yi da duhu, sai ka sake jiran wani minti ashirin.

Sai Na Gani: Ƙanwata, turo min hoton naki na Mayu, wanda ba ki taɓa komai a jikinsa ba. Ina so in ga ginshiƙan nan da suka haɗu a tsakar ka.